Wadda Ta Fita Daga Guruf

Litinin, da hantsi

Shugabar sashe ta aiko a kira ni. Da na shiga ba ta ɗago kai ba, sai da na ja kujera na zauna sannan ta ce, "Zauna mana, Malam." Ni na koya mata rubuta sharhi tana aji ɗaya, don haka duk ranar da ladabinta ya yi yawa na san akwai magana.

An kai ƙara a kan kwas ɗin adabi da nake yi wa 'yan ajin ƙarshe. An riƙe sakamakon, za a kafa kwamiti.

Na ce ƙarar me? Ta ce, "A ina ka koyar da su a zangon nan?" Na ce a duniya. Ba ta yi dariya ba.

Dokar jami'a ta ce duk aikin da za a ba wa maki sai an miƙa shi ta dandalin koyarwa na jami'a, shafin intanet ɗin nan mai ruwan toka da nake kira Gidan Tarihi, saboda ba kowa a ciki kuma ba a taɓa komai. Ni kuwa a guruf na waya na yi zangon kaf. In kwamiti ya ce aikin guruf ba aiki ba ne, rabin makin yaran ya tafi, aji guda zai maimaita shekara. Wasunsu an riga an ɗinka musu kayan bikin yayewa.

Na tambayi wa ya kai ƙarar. Ta ce ba a faɗa.

Litinin, bayan la'asar

Maƙwabcina na ofis, mai koyar da nahawu, ya dafa mana shayi a butarmu ta lantarki. Tun gashinmu yana baƙi muke raba ɗakin nan da butar nan. Ya ce, "Hassada ce kawai, mutumina. Yara suna son ka, shi ne laifinka." Na ji daɗin maganar fiye da shayin.

Talata, da safe

Bari in rubuta hujjata tun ban manta yadda nake da gaskiya ba.

Makon farko na bi doka. Na ɗora tsarin kwas a Gidan Tarihi, ya haɗiye, ya ce in sake. Na sake, ya ce lokacina ya ƙare. Da na tambayi aji wa ya gani, suka dube ni kamar na yi musu yaren aljanu. Kyaftin ɗin aji, wani dogo mai bakin da zai iya sayar da ruwa a bakin rafi, ya ce, "Malam, ka bar mana wannan, yau-yau za ka gan mu a tafin hannunka." Kafin magariba ya kwashi lambobin kowa ya buɗe guruf, ya naɗa ni adimin.

Kuma abin ya yi. Ina tafiya daga tashar bas zuwa ofis ina yi musu saƙon murya, hon ɗin motoci na yi mini amshi. Kafin in buɗe ƙofa an ba ni amsa, an ƙaryata amsar, an ƙaryata mai ƙaryatawar. Akwai yaro mai in'ina da bai taɓa buɗe baki a aji ba. A guruf shi ne zakara, yana rubutu kamar ana binsa da gudu. Masu aikin kwana suna saurare a wurin aiki. Tun da nake koyarwa ban taɓa ganin aji yana faɗa a kan littafi ranar da ba makaranta ba sai bana. Har na saka Maƙwabci a guruf ɗin a tsakiyar zango don ya ga yadda ake koyarwa a zamanin nan.

Wannan shi ne laifin da za a gurfanar da ni a kansa.

Laraba, da rana

Ba labari. Butar ta fara yoyo ta gindi.

Alhamis, bayan azahar

Maganar ta fasu. Ban san ta ina ba, amma a jami'a ko bango yana da guruf. Wayata ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda. Kyaftin ya zo ofis, ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Malam, da gaske ne za mu maimaita?"

Na ce ba a yanke ba.

"Wane munafuki ne? Wallahi Malam ka ba mu suna kawai, ba abin da za mu yi masa."

Na ce wannan rantsuwar ce ta sa ko na sani ba zan faɗa ba. Ya yi murmushin dole. Wani kamfani ya ɗauke shi aiki, sakamako kaɗai suke jira. Bai faɗa mini yau ba, amma a guruf ya sanar ranar da aka ɗauke shi, ni na fara yi masa barka.

Juma'a, da yamma

Na ba Maman yara labari muna zaune a tsakar gida tana gyara kayan miya. Ina jiran ta ce hassada ce. Sai ta ce, "Kai ma dai, Malam. Ka tara 'ya'yan mutane maza da mata a waya ɗaya, kowa yana ganin lambar kowa."

Na ce ai manya ne, ba 'yan firamare ba.

"Manyan ne abin tsoro. Kana jin me ya sa nake da layi biyu tun da aka buɗe guruf ɗin asibitinmu?"

Na ce na ɗauka don sabis ne. Ta dube ni irin duban da take yi wa wanda ya zo karɓar magani da takardar bara, ta ci gaba da aikinta.

Asabar, da hantsi

Na koma farkon guruf ina tattara abin da zan nuna wa kwamiti. Abin alfahari, gaskiya. Sai a tsakiyar zango na ci karo da ƙaramin layin nan da waya ke rubutawa da kanta: wance ta fita.

Na tuna ta. Mai zama a bakin taga, ba ta magana, amma in na faɗi abin da ba daidai ba girarta takan ɗan ɗaga. A ƙasan layin ga saƙona: "An yi mana rashi, wata ta gudu daga ilimi." Sai dariya da sitika a jere. Da na zo haɗa makin aikin zango ban ga nata ba, na ba ta sifili, na wuce na gaba.

Abin da ke saman layin ba shi da muhimmanci. Na saka wani a guruf, bayan 'yan kwanaki wata ta fita. Mutane suna shiga suna fita kullum.

Lahadi, bayan la'asar

Suna shiga suna fita kullum.

Litinin, da safe

Maƙwabci ya liƙe gindin butar da wani abu baƙi. Yana zuba shayi ya ce ya samo mini mafita.

"Ka ce an saka yarinyar a guruf kamar kowa, da kanta ta fita. Wanda ya bar aji da ƙafarsa ai ba malami ya kore shi ba. Ita kaɗai ta maimaita, sauran su wuce, kai ma ka wuce. Ina da mutum a kwamitin, na riga na shafa masa."

Na ce na gode. Ban tambaye shi yadda aka yi ya san yarinya ce ba, alhali ni mai kwas ɗin an ƙi faɗa mini. Masu nahawu suna da hanyoyinsu na gane jinsi.

Mafitar tana da kyau, abin haushin ke nan. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta.

Talata, bayan azahar

Yaran ma sun yi irin lissafina. Wani ya samo hoton yarinyar da ta fita ya jefa a guruf, aka zana mata ƙaho. Wata ta rubuta sunan unguwarsu. Na goge, aka sake sakawa. Na yi saƙon murya mai tsawo a kan mutunci, aka amsa da "To Malam", aka ci gaba. Sai na kulle guruf ɗin, adimin kaɗai ke iya magana.

Shiru ya yi yawa, na kira Kyaftin na ce ina kuka shige?

"Muna nan, Malam."

"Kun buɗe wani, kun cire ni."

"Haba Malam, mu cire ka? Ba mu dai saka ka ba ne."

Da can ina faɗa wa abokan aiki cewa guruf aji ne da ba shi da bango. Yau na gane ba shi da ƙofar da zan tsaya a kai.

Laraba, da rana

Na je cibiyar kwamfuta a sabunta mini kalmar sirri, don kwamiti zai tambayi yaushe na shiga dandali na ƙarshe, kuma ina so in iya cewa "jiya". Matar da ke kan tebur ta ce in zaɓi kalmar da ba zan manta ba. Na ce duk wadda ba zan manta ba an ce ta yi sauƙi.

Na shiga a kwamfutar da ke kusa da fanka. Ina tsammanin kango. Sai na ga jan ɗigon sanarwa a kan sunan kwas ɗina.

Aikin yarinyar da ta fita ne. Na kowane mako, tun daga makon da ta fita, kowanne a kan lokacinsa. Tambayoyin tana samu daga wata ƙawarta, ta faɗi haka a saman na farko, ta kuma roƙi izinin ta riƙa miƙa aikinta a nan saboda wani dalili da ba za ta iya faɗa a guruf ba. A ƙarshen na farkon ta rubuta, "Malam, ina fatan kana gani." Na gaba ma haka. Can gaba ya koma, "Malam, ko kana gani?" Na ƙarshe ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Matar ta zo ta ce ko kalmar ta ƙi ne. Na ce a'a, ta yi.

Alhamis, da yamma

Na karanta uku. Ta fi ni gaskiya a kan babin ƙarshe. Maman yara ta kwashe abincin yadda ta ajiye shi.

Juma'a, da hantsi

Na roƙi Shugaba ta haɗa ni da yarinyar. Amsa ta dawo cewa za ta zo ko'ina ban da ofishina. Mu biyu ne a ofishin nan, kuma ni ban taɓa yi mata magana ba sai wannan ba'ar.

Muka haɗu a ofishin Shugaba. Yarinyar ta rame. Ta gaishe ni har ƙasa, wanda ya fi zagi ciwo.

"Malam, ni ban kai ƙarar aji ba. Makina kawai na tambaya. Aka ce in nuna inda na miƙa aiki, na nuna. Sai aka ce to ina na sauran."

Na ce me ya sa ba ki same ni ba?

"Na zo sau biyu. Ba ka nan, amma ofishin a buɗe yake." Ta dubi Shugaba, ta dubi ƙasa. "Ban sake zuwa ba."

Shugaba ta tambaye ta a hankali ko wani ɗan aji ne ya dame ta a waya.

"Da ɗan aji ne, ranki ya daɗe, da na san yadda zan yi da shi. Na canza layi. Yanzu kuma 'yan aji sun samo sabon, tun shekaranjiya ban kunna waya ba."

Shugaba ta ce, "Malam, ka ɗan ba mu wuri." Na fita, aka rufe ƙofa. Ban koma ofis ba, na zauna a laburare ina kallon shafi ɗaya har aka kira salla.

Asabar, bayan la'asar

Maƙwabci ya kira. Ya sake kira. Na kife wayar.

Maman yara ta ce, "Ba za ka ɗauka ba?" Na ce nahawu ne, zai jira. Na ce mata in na faɗi yadda abin yake, ita kaɗai ce ta bi doka, ke nan sauran duka sun karya, kuma ni na sa su. Ga Kyaftin da aikinsa, ga mai in'ina da sai bana ya samu baki. In kuma na ɗauki shawarar da aka ba ni, mutum ɗaya ce kawai.

"Mutum ɗaya ce," in ji ta. "Sa'ar 'yarmu ta biyu ce ko?"

Na ce ba a kawo wannan cikin maganar ilimi. Ta ce to.

Litinin, da safe

Na zo da filas ɗin shayi daga gida. Maƙwabci ya dubi filas ɗin, ya dubi butar. Ya ce, "Gobe ne ko? Ka dai tuna abin da na faɗa maka." Na ce ina tune da komai.

Talata, da yamma

Kwamiti ya zauna a ɗakin taro na sama, mai labule ja. Shugabansu wani farfesan ilimin duwatsu ne, kuma aikinsa ya yi masa tasiri a fuska.

Na fara da jawabin da na shirya a kan amfanin guruf. Na nuna musu muhawarar yaran, har ɗaya daga cikinsu ya manta kansa ya yi dariya. Sai farfesan ya ce, "Dakta, ɗalibar nan da kanta ta fita?"

Ga ƙofar a buɗe, an share mini ita. Wanda aka shafa wa har ya ɗauki biro.

Na ce da kanta ta fita, ni kuma ban tambaye ta dalili ba, ba'a na yi mata a gaban aji. Na ce duk aikinta yana dandali, ni ne ban buɗe ba sai makon jiya. Na ce sauran umarnina suka bi, in akwai mai maimaita shekara ni ne.

"Akwai wanda ba ɗalibi ba a guruf ɗin?"

Na ce akwai. Ya ce wa? Na faɗa. Ya ce wa ya saka shi? Na faɗa. Biron ya koma aljihu.

Sai Shugaba, da ke zaune a gefe, ta ce dokar ta ce aiki ya kasance a dandali kafin majalisar jami'a ta amince da sakamako, majalisa kuwa sai makon gobe za ta zauna. Farfesan ya dube ta kamar ya tsinci wani dutse da bai sani ba. Aka ce in tafi, za a neme ni.

Da na sauko Kyaftin yana gindin bene. Ya ce, "Malam, yaya?" Na ce ban sani ba. Karo na farko da na ba ɗalibi wannan amsar ba don in sa shi tunani ba.

Laraba, da rana

Shiru.

Alhamis, bayan azahar

An yanke. Duk wanda ya ɗora aikinsa na zango a dandali kafin azahar ɗin Litinin za a lissafa masa. Wanda bai ɗora ba ya maimaita. Ni kuma takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya ƙara jira. Ya saba.

Gidan Tarihi ba ya karɓar saƙon murya. Kowa sai ya saurari kansa ya rubuta abin da ya faɗa.

Na buɗe tsohon guruf na sanar da su. Na ƙara da cewa wadda suke zana wa ƙaho makinta ta tambaya, kuma ni na ci mata shi. Ba wanda ya sa sitika.

Asabar, da la'asar

Cibiyar kwamfuta kamar tashar mota. Layi har bakin titi, kowa ya manta kalmar sirrinsa, kowa da abin saurare a kunne yana jin muryar kansa yana yamutsa fuska. Wata ta ce, "Malam, ashe duk surutun nan da na yi layi huɗu ne?" Na ce sannu da zuwa fagen rubutu. Mai in'ina kaɗai ke murmushi, nasa a rubuce yake tun asali.

Dandalin ya faɗi da rana, aka yi salati baki ɗaya. Ya tashi, ya sake faɗuwa. Na zauna tare da su a kan benci, ba ni da abin da zan iya yi musu sai zaman.

Kyaftin ya matso. "Malam, wancan guruf ɗin mun rufe shi."

Na ce hoton fa?

"An goge."

"A wayar kowa?"

Ya sosa ƙeya. Na ce akwai wadda zai je ya gaya wa wannan, ba ni ba. Ya ce ba ta ɗaukar waya. Na ce ai yana da ƙafa, kuma ya tafi da 'yan mata biyu na ajin, kada ya je shi kaɗai.

Litinin, bayan azahar

Sun shiga duka. Na ƙarshe ya danna ana kiran salla.

Da na koma ofis teburin da ke kallon nawa fayau, ba littafi ko ɗaya. Masinja ya ce an ce Maƙwabci ya tafi hutu. Shugaba ta ce ba maganata ba ce yanzu. Ya bar butar. Na zare ta daga soket na ɗora a saman kabad.

Laraba, da hantsi

Majalisa ta amince da sakamako. Kyaftin ya turo saƙon murya, ihu ne kawai.

Tun jiya nake bin aikin yarinyar ɗaya bayan ɗaya ina ba da maki da sharhi, kamar yadda ya kamata a yi watannin baya. A ƙasan wanda ta rubuta "ko kana gani?" na daɗe hannuna a kan allon rubutu. Ni da nake cika waya da magana daga tasha zuwa ofis. Na rubuta, "Ina gani. Na makara."

Alhamis, da safe

Jan ɗigo a Gidan Tarihi.

"Na gode, Malam. Amma makin aiki na uku ban yarda da shi ba, ina ganin ba ka karanta shafi na biyu da kyau ba."

Na koma na karanta shafi na biyu da kyau. Makin yana nan yadda yake, kuma na zauna na rubuta mata shafi guda a kan dalili, har da inda za ta iya kayar da ni in ta nemo hujja. Na danna aikawa. Dandalin ya haɗiye, ya ce lokacina ya ƙare.

Na zuba shayi daga filas, na sake farawa.